Yini guda a filin koyon harbi, ni da ɗana, da ganuwar da ke tare harsashi

Ɗana ne ya ja ni. Shekararsa 13, kuma tun ranar da wani abokin karatunsa ya nuna masa hoton kurciyoyin da shi da kakansa suka harbo, ba mu ƙara samun sakat a gidan ba. Abba yaushe, Abba yaushe. Mahaifiyarsa ta ce ita dai ba da yawunta ba. Ni ma ina da nawa dalilin na shakkar bindiga, zan zo kansa. Amma na san yaron da ya tashi a Teksas, ko ba jima ko ba daɗe, sai ya shiga gidan da ake ajiye ta. Gara ya san ta a hannun malami ina tsaye a kansa, da ya fara taɓa ta a ɗakin wani yaro babu babba a kusa.

A jihar nan, duk wanda aka haifa daga ranar 2 ga Satumba, 1971 zuwa yau, sai ya yi darasin kiyaye haɗari na mafarauta kafin ya fita farauta da kansa. Hukumar Texas Parks and Wildlife ce ke ba da takardar shaidar, masu koyarwar kuma 'yan sa kai ne da ta horar. Yaro daga shekara 9 yana iya samun takardar. Wanda ya kai 17 yana iya yin nasa ta intanet daga falonsa, amma ni ban so haka ba. Na nemi inda ake yi ido da ido, na samu wani filin harbi mai zaman kansa a arewa maso yammacin Houston, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, inda suke haɗa darasin da gwajin harbi da rana. Kuɗin darasin dala 15 kowane mutum. Masu filin suka ƙara dala 20 kowannenmu na aron bindiga da harsashi da abin toshe kunne. Wata Asabar ce a watan Agusta, saura mako biyu a buɗe farautar kurciya, wadda a yankinmu take farawa ranar 1 ga Satumba.

Kwalta tana ƙarewa sai ka hau hanyar tsakuwa, ka wuce gonakin shanu, sannan ka tarar da ɗaki mai rufin kwano da motoci a gabansa. Mu kusan ashirin ne, rabi yara da iyayensu. Malamin dattijo ne mai furfura, ya ce ya yi ritaya daga aikin gyaran layin lantarki, matarsa kuma ita ke rubuta sunaye a bakin ƙofa. Kafin ma ya gaishe mu ya ce duk wanda ke da harsashi a aljihu, ko ɗaya ne, ya tashi ya mayar mota. Mutum biyu suka tashi. Sai da suka dawo ya ce barkanmu da zuwa.

Abin da ya fara koya mana shi ne yadda ake miƙa wa mutum bindiga. Ka buɗe ta, ka leƙa cikinta, ka sa ɗan yatsa ka taɓa ka tabbatar babu komai, bakinta yana kallon inda babu kowa. Mai karɓa shi ma ya leƙa da idonsa, kada ya dogara da naka. Ba za ka saki ba sai ya ce ya riƙe. Bindigar da ya zagaya da ita ta koyo ce, ba ta iya harbi ko kaɗan, amma duk wanda ya bari bakinta ya gifta ta gaban wani, sai malamin ya karɓe ya ce a sake. Ɗana sau biyu ana sa shi ya sake. Na ga fuskarsa ta canza, na kuma ji daɗin hakan, don a gida da ni na faɗa da ya ce Abba ya cika faɗa.

Littafin darasin yana da ƙa'idoji goma. Malamin ya ce mu karanta su duka, amma huɗu yake so su zauna mana a ka, waɗanda ake danganta wa Jeff Cooper, tsohon sojan Amurka da ya buɗe makarantar harbi a Arizona a 1976. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗananniya. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ka hallaka ba. Yatsanka kada ya kusanci kunama sai ka gama saiti. Ta huɗun ita ce ta sa nake wannan rubutu: ka san abin da ka auna, ka kuma san abin da ke bayansa.

Wajen ƙarfe goma, kafin rana ta yi zafi sosai, ya sa aka dakatar da harbi a filin gaba ɗaya, ya ce mu taka zuwa ƙarshensa. A can ne na ga abin da kuɗina ya biya. Tudun ƙasa ne aka tara da katafila, tsayinsa ya kai ƙafa 20, ya yi fukafukai hagu da dama kamar ya rungume filin. Da na tsaya a gindinsa sai na tuna ragowar badala a titin BUK, shi ya sa a bakina ganuwa nake kiransa. Dattijon ya durƙusa, ya cusa hannu a fuskar tudun, ya damƙo ƙasa, ya murza ta a tafinsa. Ƙasa ce mai laushi kamar an tankaɗe, a cikinta ga harsasai uku da suka lotse, ɗaya ya baje kamar furen kabewa. Ya miƙa wa yara su gani, ya ce kada su sa hannu a baki. Sai ya tambaye mu me ba mu gani a ƙasar ba. Aka yi shiru. Ya ce dutse. Fuskar ganuwar, zurfin kusan ƙafa biyu, ana tsince duwatsu da ƙarafa daga cikinta, domin harsashi in ya sami ƙasa mai laushi yana nutsewa ya mutu a nan, in kuwa ya bugi dutse sai ya yi tsalle ya nufi inda Allah kaɗai ya sani. Ruwan sama yana zaizaye tudun, harsasai kuma suna taruwa wuri guda har su zama dunƙulen ƙarfe, don haka lokaci zuwa lokaci sukan kwashe darmar su ƙara sabuwar ƙasa.

Akwai abin da da kaina ba zan taɓa tunaninsa ba. Ya ce mutane da yawa suna gina tudu mai kyau, sannan su ɗora gwangwani a ƙasa can tsakiyar fili, nesa da tudun, su yi ta harbi. Harsashin da ya sauka a ƙasa a kwance yakan zille ya tashi sama kamar yadda yara ke wurga faffaɗan dutse a kan kududdufi, ya tsallake tudun gaba ɗaya. Shi ya sa allunan saitinsu suke dab da ganuwar, an kuma ɗaga su yadda duk abin da ya huda takarda zai faɗa tsakiyar ƙasar. Da muka koma rumfar da ake harbi, ya sa kowa ya zauna a kujerar ya duba gaba. An kafa katakai masu kauri a sama, a gaban rumfar, yadda mai zaune ba ya ganin sararin sama ko kaɗan, ƙasa kawai yake gani. Ya ce in kana hango sama daga inda kake harbi, to harsashinka ma yana da hanyar zuwa can.

Daga nan ya zaro kwalin harsashin .22 daga aljihun rigarsa, babu komai a ciki, ya ba ɗana ya karanta gargaɗin da ke jiki da ƙarfi. Mil ɗaya da rabi. Wato wannan ɗan harsashin da bai kai kan ɗan yatsa ba, wanda kowa ke ɗauka na wasan yara ne, yana iya tafiya kusan kilomita 2 da rabi. Na bindigar barewa kuwa yana wuce mil 3. Ya ce shi ya sa ba a harbin barewar da ta tsaya a kan tudu, bayanta sarari, komai kyan ƙahonta. Shi ya sa kuma mafarautan nan ke hawa 'yar rumfa mai tsayi, don harbin ya gangara ya shige ƙasa. Kurmi ba ya tare harsashi, ido kawai yake tarewa. Haka ciyawa, haka shingen katako, ruwa kuwa zillar da shi yake yi. Bangon gidajen nan ma, wanda katako ne da allo, ba kamar ginin bulo ko jar ƙasa na gida ba, harsashi yana ratsa shi ya shiga ɗaki na gaba.

Yana maganar ne ni kuma hankalina ya tafi ƙauyenmu a ƙasar Rano, ina ɗan shekara tara ko goma.

Baffana maharbi ne, ana ji da shi. Bindigar toka gare shi, mai dogon baki, gindinta an naɗe shi da fata da layu. Na sha zama ina kallon yadda yake ɗura ta: ya auna albarushi a tafin hannu ya zuba, ya tura tsumma, ya danna da sandar ƙarfe, ya zuba boris ɗin keke da gutsattsarin ƙarfe, ya sake tura tsumma. Wata shekara da kaka, shirwa ta addabi 'yan tsakin gidan. Da hantsi ta sauko ta zauna a kan dirkar darnin da ya raba mu da maƙwabta. Baffa ya lallaɓa ɗaki ya ɗauko bindigar. Ina tsugune a bakin rumbu, na ga ya rufe ido ɗaya. Ƙarar ta toshe mini kunne, hayaƙi ya cika tsakar gida, shirwar ta tashi abinta. Sai muka ji ihu daga bayan darnin. 'Yar maƙwabcinmu ce, sa'ata, tana taya uwarta sussuka. Ƙarfe ɗaya ya shiga kafaɗarta, ɗaya ya sami idonta na hagu. Har yau ina ganin yadda uwar ta fito da ita a kafaɗa, zaninta ya jiƙe, tana kiran sunan Allah.

Baffa ya sayar da sansa aka kai ta asibiti a Kano. Ta rayu, idon bai dawo ba. Liman ya ce ido ɗaya rabin diyyar rai ne, amma uban yarinyar ya ce ya yafe, ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kowa a garin haka ya ce, tsautsayi. Baffa ya rataye bindigar bai ƙara taɓa ta ba, kuma har ya rasu ba ya bin ta ƙofar gidansu, sai ya zagaya ta bayan masallaci. Ina ƙaunar Baffa, Allah ya jiƙansa, kuma na yi imani da ƙaddara. Amma a gindin ganuwar nan, bayan fiye da shekara talatin, na yarda da abin da zuciyata ta daɗe tana gudu. Baffa ya san darni kara ne. Ya san akwai gida a bayansa, ya san lokacin sussuka ne. Shirwar kawai ya gani.

Da muka koma ɗaki aka shiga maganar doka, malamin ya fara da gyara mana kalma. Ya ce shi ba ya cewa bindiga ta tashi da kanta, don a shekarun da ya yi yana koyarwa, kusan duk labarin da ya ji in aka bi diddigi akwai yatsa a kan kunama ko baki da ya kalli inda bai kamata ba. Da Hausa zan ce ya raba tsautsayi da ganganci. Dokar Teksas ma haka ta raba. Wanda ya kashe mutum ta hanyar ganganci, wato ya san akwai haɗari ya yi biris, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 zuwa 20 ne. Wanda ya kashe ta hanyar mummunan sakaci, wato ya kamata ya hango haɗarin bai hango ba, kwana 180 zuwa shekara 2. Ko ba a taɓa kowa ba akwai laifi. Wanda ya harba da saninsa ta wajen mutane, ko ta wajen gida ko mota bai damu ko da mutum a ciki ba, yana iya shan shekara 2 zuwa 10. Wanda ya yi harbin ganganci a cikin birnin da mutanensa suka kai 100,000, irin Houston, ɗauri har shekara guda ne da tara har dala 4,000. Akwai kuma dokar farauta da ta ce in kana farauta ko harbin nishaɗi, harsashinka ya tsallaka iyakar fili ya shiga na wani, ka yi laifi, sai dai in filin naka ne ko kana da yardar mai shi a rubuce.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wannan: in ka nuna mutum da bindiga da saninka, doka tana ɗauka ka yi ganganci, ko da kai ka yi imani babu harsashi a ciki. Na ce a raina, ai wannan mun taso da ita. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ya kuma umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, wanda bai sami abin 'yantawa ba ya yi azumin wata biyu a jere. Kuskure ne, an yarda, amma ba a ce ya kaɗe rigarsa ya tafi ba. A mota na yi wa ɗana wannan bayanin, na ga ya fi shigarsa fiye da lissafin shekarun kurkuku.

Malamin ya ƙara da cewa ko gwamnati ba ta gurfanar da kai ba, wanda ka raunata ko iyalinsa suna iya kai ka kotu neman diyya, kuma a can hujjar da ake buƙata ba ta kai ta shari'ar laifi nauyi ba. Kuɗin asibiti a ƙasar nan kowa ya san yadda yake. Ya ce kowa ya je ya karanta takardar inshorar gidansa ya ga abin da ta ɗauka da abin da ta cire.

Ya kawo misalin da duk ɗan Teksas ya sani. Ranar 11 ga Fabrairu, 2006, mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney yana farautar tsuntsaye a wata gona a kudancin jihar. Abokin farautarsa, lauya Harry Whittington mai shekara 78, ya ware don ɗauko tsuntsun da ya faɗi. Wani tsuntsu ya tashi, Cheney ya bi shi da bakin bindiga yana juyawa, ya harba, ƙwayoyin darmar suka sami Whittington a fuska da wuya da ƙirji. Ɗaya ta je kusa da zuciyarsa har ta jawo masa ɗan bugun zuciya a asibiti. Ya rayu, ba a tuhumi kowa ba. Malamin bai shiga siyasa ba, ya jera yara uku a gaban ɗaki, ya sa kowa ya miƙa hannuwansa gaba ya ɗan buɗe su, ya ce abin da ke tsakanin hannuwanka shi ne rabonka, tsuntsun da ya fita daga nan ba naka ba ne, ka bar shi ya tafi. Ya kuma taɓo masu harbi sama a daren sabuwar shekara. A farkon 2017 harsashi ya faɗo a kan wani ɗan majalisar jihar, Armando Martinez, aka ciro masa shi daga ƙoƙon kai, ya tsira. A farkon 2020 wata ma'aikaciyar jinya mai shekara 61 a nan yankin Houston ba ta tsira ba, tana tsaye a ƙofar gida da iyalinta. Na tuna bukukuwa da tarukan siyasa a gida inda ake sakin harsashi sama ana guɗa.

Bayan azahar aka fita harbi. Na tambayi matar malamin inda zan yi salla, ta buɗe mini ofis ta kawar da kujera, na gode mata. Kowane yaro harsashi biyar aka ba shi, ɗaya bayan ɗaya, da mai kula a kafaɗarsa. Wadda ta tsaya wa ɗana wata mata ce mai jar hula, ba ta da yawan magana. Ta gyara masa gwiwar hannu, ta ce ya saki rabin numfashi, ya matsa kunamar a hankali. Huɗu suka shiga baƙin da'irar. Ya juyo da kansa kawai yana murmushi, bindigar tana kwance bakinta na kallon ganuwa, a buɗe. Wannan juyowar ta fi mini huɗun daɗi.

Kujera biyu daga mu wani saurayi ya ja kunama bindigar ba ta tashi ba. Sai ya miƙe zai tambaya, ya juyo da ita a hannu, bakinta ya biyo layinmu. Ban san lokacin da matar nan ta isa gare shi ba. Ta daka tsawa a tsaya, ta kama bakin bindigar ta mayar gaba, kowa ya ajiye tasa ya ja da baya. Ba ta zage shi ba. Ta sa shi ya riƙe bindigar tana kallon tudu, suka ƙirga talatin tare, sannan ta buɗe ta ciro harsashin, ta nuna mana gindinsa da alamar bugu. Ta ce wani lokaci harsashi yana jinkiri sannan ya tashi, kamar yadda na san bindigar toka tana yi in albarushi ya sha sanyi. Ta zaunar da shi a benci har aka gama zagayen, sannan ta dawo da shi ta tsaya a kansa ya harba nasa. Ƙafafuna sun daɗe suna rawa. Amma ganin yadda aka tare abin cikin ƙiftawar ido ya sa na amince da wurin fiye da da.

Akwai abin da bai yi mini ba, kuma laifin masu filin ne. Lokacin cin abinci suka ba wani mai tallar inshorar lauyoyi dama, ya cinye mana kusan rabin awa yana tsorata mutane da labarin 'yan fashi, a gaban yara. Na ɗaga hannu na tambaye shi, in harsashina ya tsallake fili ya sami ɗan maƙwabci, inshorar tasa za ta tsaya mini? Sai ya shiga kame-kame, ya ce in karanta takarda. Da wannan lokacin aka ƙara wa maganar doka, wadda aka yi ta a gurguje, da ya fi amfani. Sun ce mu wanke hannu saboda ƙurar darma kafin mu ci abinci, amma sabulun wurin wankin ya ƙare, sai da na koma mota na ɗauko nawa. Ruwan sha ya ƙare wajen ƙarfe biyu, a zafin Agusta, inuwa kuma ba ta isa masu jira ba. Abin toshe kunnen da suke ba da aro ya yi wa ƙananan yara girma, ga gumin wasu a jiki. Ku sayi naku, ku haɗa da tabarau. Abincin da suke sayarwa kusan duk da naman alade, ku tafi da guzurinku.

'Yan'uwa da ke nan da bizar karatu ko ta ziyara, ku kula. Dokar tarayya ta hana mai irin wannan biza riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin 'yan keɓantattun da aka ware, kamar mai lasin farauta da bai ƙare ba. Mai katin zama na dindindin wannan hanin bai shafe shi ba. Kada aboki ya ce zo mu je ka gwada kawai ka bi shi, ka fara tabbatar da matsayinka wurin lauya.

Da za mu tafi aka ba kowane gida kwaɗo mai igiyar ƙarfe kyauta, wanda ake zurawa ta cikin bindiga yadda ba za ta rufu ba. Dokar jihar tana hukunta wanda ya bar ɗananniyar bindiga a sake har yaron da bai kai 17 ba ya kai gare ta, hukuncin kuma yana ƙaruwa in yaron ya harba ya kashe ko ya ji wa wani mummunan rauni. Mu har yanzu ba mu sayi bindiga ba. Na gaya wa ɗana akwatin ƙarfe mai makulli zai fara shigowa gidan, kuma sai mahaifiyarsa ta yarda da bakinta. Filin kuwa zan koma, zan kuma tura duk wanda ya tambaye ni, da sharaɗin ya je na ido da ido, ya taka har gindin tudun.

Mako guda bayan haka wani amininmu, mutumin Zariya da ya sayi eka 12 a bayan gari, ya gayyace mu gasa nama. Da ma ya daɗe yana cewa in mun zo za mu gwada sabuwar bindigarsa. Ya nuna mini inda yake harbi: manyan dunƙulen busasshiyar ciyawa guda biyu, ya jingina allo a jiki, bayansu kurmi. Ya ce, Malam, ai babu kowa a can, daji ne. Na ce, Alhaji, mu taka mu gani. Muka zagaya bayan ciyawar, ɗana yana gaba. Shi ya fara ganin ɓawon wata bishiya a ɗaye, fari tas, daidai ƙirjina, ya sa yatsa a ramin. Muka ci gaba muna ture rassa, ina ƙirga taku. A taku na ɗari huɗu da 'yan kai muka iso wayar iyaka. A ɗaya gefen ga wani gida irin wanda ake ja da mota, ga shanya a igiya, ga lilo, ga ƙaramin keke mai ruwan hoda a kwance cikin ciyawa.

Alhaji ya daɗe riƙe da wayar bai ce komai ba. Da muka dawo ya cire allon ya kai gareji, ya kulle bindigar a mota. Muna cin nama yana ta neman lambar mai katafila a wayarsa, ya tambaye ni tsayin tudun nan ƙafa nawa na ce. Ɗana ya riga ni amsawa, ya ce, Baba, ashirin, kuma a tsince duwatsun.